Taken da Labbo Ya Saki

Samarin da ke zama a shagon cajin waya na bakin tashar Isa sun sha gaya mini cewa aikina ba aiki ba ne. A ganinsu, shafin intanet bai wuce mutum ya sami data da waya mai kyau ba: ka ɗauko kiɗa, ka ɗora, ka rubuta suna a ƙasa, ka koma shan shayi. Ba na musu da su a shagon, domin ƙarar janareto ba ta barin a ji ƙarshen magana. Na ga ya fi in rubuta musu yadda muka sake tayar da shafin masu nazarin kiɗa a shekarun da aka yi fari, da abin da ya sami wani makaɗi mai suna Tunau, su karanta a natse.

A gidan rediyo na koyi aiki, a sashen ɗaukar sauti, ƙarƙashin Injiniya Garba. Fitar da muka fara yi tare zuwa wata gayya ce a gefen fadama. Na zaci zai ba ni rakoda in rataya. Sai ya zaunar da ni a kan kunya, ya ce in rufe ido in gaya masa ganguna nawa nake ji. Na ce biyu. Ya ce in ƙara saurare. Ashe akwai ƙaramar ganga da ake kira kazagi, tana tafe a ƙarƙashin manyan, ba ta ɗaga murya ba ta kuma fasawa. Da na gane ta, sannan ya miƙo mini makirufo, ya sa na cire safata na rufe kansa saboda iska. Ya nuna mini cewa idan ka kai makirufo bakin babbar ganga, za ta haɗiye kazagi, ka koma gida da ƙara kawai. Sai ka tsaya can gefe, inda sautukan suka riga suka gauraya amma kowanne bai ɓace ba. A ofis kuma ya koya mini yankan tef da reza, da liƙe shi da salatif ba tare da kunne ya ji wurin ɗinkin ba. Kwamfuta ta zo daga baya ta sauƙaƙa yankan. Sauraren kuwa bai sauƙaƙa ba har yau.

Shafin ba ni na ƙirƙire shi ba. Marigayi Malam Haruna ne, malamin kiɗa a wata kwalejin horar da malamai. Ya buɗe shi don mutanen da jin daɗin kiɗa bai ishe su ba, sai sun san yadda aka gina shi: me ya sa wannan bugu ke shiga a nan, yaya ake ɗaure tsarkiyar gurmi, ta yaya kalangu ke bin hawa da saukar magana. Akwai malaman makaranta, akwai ɗalibai, akwai masu situdiyo na Kano da Kaduna, akwai wasu daga Maraɗi da Yamai da ke cusa Faransanci cikin Hausarsu. Bayan rasuwarsa shafin ya zama gidan da ba mai shara. Kowa ya ɗora abin da ya ga dama: ta'aziyya, tallan sabuwar waƙa, hoton biki, da gardamar da ba ta ƙarewa. Daga baya aka daina leƙawa. Lokacin da na ajiye aiki na dawo gida Sabon Birni, sai tsofaffin membobi suka nemi in karɓa in gyara. Wannan ya zo daidai da shekara ta biyu da damina ta yi mana gardama.

Aikin farko shara ne. Na zauna da tsohuwar kwamfutata da batirin sola, na saurari duk abin da Malam Haruna ya bari, ɗaya bayan ɗaya. Na tarar da kotso an rubuta masa kalangu, na tarar da kiɗan da aka yanke masa kai don a rage nauyi. Muka yi shawara da membobi muka tsaya a kan magana guda: shafin zai amsa tambaya ɗaya ce kawai, yaya aka gina wannan kiɗa. Kowane kiɗa da ɗakinsa. A ɗakin akwai sautin yadda aka buga shi, akwai shi kuma an ja shi a hankali, akwai zanen akwatuna a jere, kowane akwati bugu ɗaya, da ɗigo a inda gula, wato sandar kiɗa, ta sauka, sannan bayani a taƙaice. Duk ɗakin da na gama, sai in hau babur in bi hanyar Gangara zuwa inda sabis ke da rauni, in gwada buɗe shi da ƙaramar waya. In ya ƙi buɗewa a can, bai kammalu ba.

Masu amfani da shafin ba bukatarsu ɗaya ba. Malamai na son dogon bayani. Ɗalibai na son abin da za su haddace kafin jarrabawa. Masu situdiyo kuwa ba ruwansu da bayani, sauti mai tsabta suke nema su yanka su zuba cikin waƙarsu. Amma dukkansu sun haɗu a kan abu ɗaya: ba abin da ya kai wani kiɗan noma da Malam Haruna ya ɗauko a wani ƙauye gaba da Gangara, a wata shekara ta wadata. Tunau Maiganga ne ya buga, a gonar ubangidansa Sarkin Noma Labbo. A cikinsa kazagi na tafiya biyu-biyu, babbar ganga na hawa kansa uku-uku, suna rabuwa suna haɗuwa. Can sai taken Labbo ya shigo.

Take shi ne sunan mutum a bakin ganga. Ganga na faɗin wasu kalmomi da aka keɓe masa, duk wanda ya tashi a wurin ya san na wane ne. Mai take in ya ji nasa ba ya zama. Jikinsa ke tsuma, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya faɗi ko shi wane ne. Na Labbo gado ne, da shi aka kira ubansa da kakansa. Abin da ya burge masu nazari shi ne inda Tunau ke shigo da shi: ba a kan bugu ba, a bayansa kaɗan, lokacin da hauya ke sama, ta yadda ƙarshen sunan zai faɗi tare da saran ƙasa. Da yardar kowa aka ɗauka. An ce Labbo har rago ya yanka wa Malam Haruna a ranar.

Na shirya wannan kiɗa ya zama ɗakin farko na sabon shafi, don haka na tafi wurin Tunau in ƙara ɗaukar kowace ganga ita kaɗai, in kuma ji bayani daga bakinsa. Hanya duk gero ne iya gwiwa, ya naɗe ganye ya tsaya. Wasu gonakin an sake shuka, rana ta ƙone. Fulani sun riga sun yi kudu da shanu tun kafin lokaci, samari kuma sun fara tafiya cin rani da damina. Na iske Tunau a ƙofar gida yana tufkar igiya. Gangar na rataye a cikin zaure, an naɗe ta da tsohon zane don kada fata ta tsage.

Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Malam, in ganga ta kawo ka, ka yi asarar man babur."

"Subhanallahi. Lahiya dai, Baba Tunau?"

"Lahiya lau. Akwatin nan naku dai ya ci ni."

Ga abin da ya faru, yadda ya ba ni shi, kuma yadda wasu suka tabbatar mini daga baya. Hatsin Labbo ya ƙare. Mutumin da aka sani da ciyar da gari ba zai so a gan shi a layin masu awo ba, bai kuma yarda ya aiki 'ya'yansa ba, don kada maganar ta fita. Sai ya tsallake kasuwar Sabon Birni inda kowa ya san fuskarsa, ya tafi ta Isa shi kaɗai, ya sauko da rawani ya rufe fuska, ya tsuguna gaban mai hatsi da buhunsa. Kusa da wurin akwai rumfar masu tura waƙa a waya, da lasifikarsu. Tun tuni wani ya sauke kiɗan daga tsohon shafi, ya bi wayoyi ya bazu. A daidai lokacin suka sa shi, ba da nufin kowa ba.

"Jiki ba ya shawara da kai," in ji Tunau. "Da yaj ji, sai gani anka yi ya miƙe, rawani ya zame, hannu sama. Sai ni Labbo, rumbu uban marayu, gari bai kwana da yunwa ina raye! Kasuwa duk ta juyo. Ga shi tsaye, ga buhu wofi ƙasa."

"An yi mishi dariya?"

"Da dariya anka yi da sauƙi. Mai hatsi yac cika buhun, yac ce, Sarki ɗauka, ba sai ka biya ba. Sadaka, Malam. Gaban jama'a. Nan yab bar buhun yat taho."

A ranar Labbo ya aiko wa Tunau cewa kada ya sake jin gangarsa a gonarsa ko a ƙofar gidansa. Wanda bai san zaman ƙauye ba zai ɗauka fushi ne kawai. Uban Tunau shi ya yi wa uban Labbo kiɗa. Gonar Tunau 'yar ƙarama ce, domin makaɗin noma damina a gonar wani take samunsa. Da kaka damman hatsin gidansa daga rumbun Labbo suke fitowa, in kuma shekara ta ɓaci, duk abin da ya shiga gidan Labbo akwai rabon gidan Tunau. Na ji Labbo ya sayar da shanun huɗarsa, wani ɗan kasuwa ya kawo masa hatsi har gida. Ko tiya ba ta iso wa Tunau ba. A tsakar gidansa ganyen tafasa na gani a shanye, da kwaryar dusa.

"Ni ban kai shi kasuwa ba," ya ce. "Amma hannuna na. Wa za shi kama, in ba ni ba?"

Da na dawo gida na rufe ɗakin wannan kiɗa a tsohon shafi, na sanar da membobi dalili. Kafin la'asar Malam Lasisi ya kira ni. Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, malamin kiɗa a wata jami'a, shi ya fi kowa rubutu a kan wannan kiɗa. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa, ba mu taɓa fara magana da gaisuwar kirki ba.

"Bawana, wa ya ba ka izinin rufe mini aji?"

"Ubangidanka Bagobiri ba ya neman izinin mai cin barkono."

Ya yi dariya, sannan ya sauya murya. Ya ce ya ji tausayin tsohon, amma in duba da kyau. Kusan duk kiɗan da ke da daraja a ƙasar nan yana da mai shi. In za a cire duk wanda ke da mai shi, me zai rage a shafin, tafi? Ya ce Tunau ba yaro ba ne, ba kuma wanda ke koyon gangar noma a bayansa. Ran da ya kwanta dama, wannan shigowa ta bayan bugu ta tafi ke nan, sai dai a ba da labari. Ban sami abin da za ni ƙaryata a maganarsa ba. Na ce masa kawai akwai gidan da ke cin dusa a kan wannan sauti, ya ba ni lokaci.

"Na ba ka," ya ce. "Amma ka sani, rufe ƙofa bayan akuya ta fita ba ya maido ta."

Wannan ma gaskiya ce, kuma ita Labbo ya fara jefa mini. Na same shi a zaurensa, an share shi tas, ga rumbuna a bayan katanga an liƙe bakinsu da laka kamar cike suke. Dogo ne, ya manyanta, wuyansa kamar na ɗan dambe. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya ba ni haƙuri cewa fura ba ta samu ba yau. Na gaya masa ko ni wane ne, na ce na cire takensa daga shafin, na roƙe shi ya maido Tunau.

"Ka cire daga wurinka," ya ce. "Ka cire daga wayar ɗan kabu-kabu?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"Ta mai shayi fa?"

"Ita ma ba ni iyawa. Abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai iya kiran shi ya dawo. In na ce maka za ni iya, na yi maka ƙarya."

Ya dube ni. Ya ce shekaran jiya ma wasu yara sun sa shi a bakin rijiya yana wucewa, don su ga ko zai tsuma. Ya ce ba mugunta ba ce, yara ne. Amma shi yanzu ko masallaci za shi sai ya riƙa sauraren aljihun mutane. Ya sallame ni bai ce komai game da Tunau ba.

Bayan Juma'a ya aiko a kira mu mu biyu. Tunau ya tsuguna daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Labbo ya yi magana yana duban bango.

"Doki in kowa na hawa nai, ba na sarki ba na. Taken ga da shi anka kira ubana, da shi anka kira kakana. Na sake shi. Sanƙira za shi hwaɗi ran kasuwa, kowa shi ji: Labbo ba shi amsa shi kuma. Malam, maida shi akwatinku, ku yi karatunku."

Tunau ya ce, "Sarki, gado fa na."

"Kai kab ba da shi, ni na yanka rago. Mu biyu munka yi. Yanzu saura naka. Ka yi mini sabo. In ya tashe ni, ka koma wurinka, rabonka na nan. In bai tashe ni ba, kowa shi kama gabansa. Kuma wanga ba shi shiga akwatin kowa."

Ya juyo gare ni a kan wannan magana ta ƙarshe. Na ce na ji, na kuma yarda.

Sanƙira ya yi shela ran kasuwa. Mako na zagayowa masu tura waƙa suka gwada Labbo, ya zo wucewa suka ƙure lasifika da tsohon taken. Waɗanda suka gani sun ce bai tsaya ba, bai waiwaya ba, sai dai jijiyar wuyansa da ta tashi, da zufa da ta jiƙa masa riga kafin ya kai ƙarshen layin. Daga nan wasan ya daina daɗi, suka bari.

A cikin waɗannan kwanaki muka buɗe sabon shafi. Ɗakin farko shi ne kiɗan Tunau, da zanen akwatunansa, da bayanin Malam Lasisi, da layi ɗaya a sama da ke cewa mai wannan take ya sake shi da bakinsa. Muka kuma kafa doka da har yau muke bi. Kafin a ɗora kiɗa sai an tambayi mutum biyu, wanda ya buga da wanda aka buga wa. Ba a tambayarsu ran biki, lokacin da ciki ke cike kowa na jin kansa. Ana samunsu a ranar da ba kowa, a gaya musu ƙarara cewa abin zai shiga kasuwa, zai iske su a inda ba su so, kuma ba ya dawowa. Wasu sun ji haka sun ƙi. Shafin ya fi na da ƙanƙanta saboda wannan doka, akwai membobin da har yanzu suke ƙorafi, kuma ba duka ƙorafin ne banza ba.

Shafi ya tashi, amma gidan Tunau na nan kan tafasa. Na riƙa leƙa shi. Ya sauko da ganga, ya shafa wa fatar ɗan man gyaɗa, ya bar ta a inuwa ta sha. Ba ya iya gwaji da ƙarfi, don kada ƙauye ya ji kafin mai shi, sai ya riƙa bugawa da yatsu a cinyarsa. Ya ce mini bugun ba shi ne wahala ba, abin da ganga za ta ce ne. Tsohon taken maganar cikakken rumbu yake yi. In ya sake faɗin haka bana, zagi ne. In kuma ya yi na yunwa, ran da ruwa ya dawo ya zama abin kunya. Dole ya sami maganar da take gaskiya a kowace irin shekara. Ba za ni rubuta abin da ya samo ba. Iyakar abin da za ni ce, babu rumbu a ciki.

Ranar gwaji da hantsi muka fita babbar gonar Labbo, mu uku. Na bar rakoda a gida, wayata kuma na kashe ta na miƙa wa Labbo, ya sa ta ƙarƙashin buzun da ya zauna a kai. Ƙasa ta yi tauri, karan gero na ƙara in iska ta taɓa shi. Tunau ya rataya ganga, ya yi bisimilla, ya fara. Ya yi shimfiɗa, ya zagaya, ya kawo taken. Na ji shi sarai, kalma bayan kalma. Labbo na zaune, hannu a kan gwiwa. Tunau ya sake zagayowa ya kawo shi. Labbo ya kori ƙuda daga fuskarsa.

Tunau ya tsaya. Ya dubi ganga, ya dubi gona, sannan ya dube ni.

"Ba gindi," ya ce. "Mai kazagina na Legas. Sunan na yawo, ba shi da inda za shi sauka. Malam, kai da ka zana shi cikin akwati, ka iya riƙe biyu-biyu?"

"A takarda na iya."

"Yau ka iya shi a ƙasa."

Ya ɗauko kalmen da Labbo ya zo da shi, wato 'yar hauyar noma, ya ba ni da wani dutse, ya ce in riƙa bugun ruwan ƙarfen. Na fara. Da babbar ganga ta hau kaina uku-uku sai hannuna ya bi ta, na ɓace.

"Kai! Kar ka saurare ni! An ce ka riƙe, ba ka raka ni ba. Mutanen rediyo, komi sai kun sa baki."

Labbo ya yi wani ɗan sauti a hanci, ban sani ba ko dariya ce. Muka sake. Na kafa ido a kan dutsen, na bar kunnena ya toshe daga ganga, na riƙe. Tunau ya zagaya, ya zagaya, ya ƙi kawo shi, har na fara jin kafaɗata. Sannan ya shigo da shi a bayan bugu, ƙarshen sunan ya faɗi daidai kan ƙarfen da ke hannuna.

Ban ga tashinsa ba. Inuwarsa kawai na gani ta rufe ni. Ya fizge kalmen daga hannuna, ya ɗaga sama, ya yi kirarin da ban taɓa ji ba, da muryar da ta kai har gonar maƙwabci. Ya sunkuya ya kama kunya yana sara, busasshiyar ƙasa na tsalle, Tunau na biye da shi yana zuba masa ganga a kunne. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen kunyar. Ya miƙe yana haki, ya share fuska da hannun riga.

"Tunau."

"Sarki."

"Ka turo a ɗauki hatsi. Ba yawa."

"Allah shi ja zamanin Sarki."

"Kuma ka nemi mai kazagi na kirki. Wanga malami za shi kashe mu."

Ya miƙo mini wayata ya yi gaba. Muka biyo hanyar ƙauye ni da Tunau, ina tura babur. Da muka wuce rijiya, sai Tunau ya matso.

"Malam, tsakaninka da Allah, ba ka ɗauka ba?"

"Ban ɗauka ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"To madalla," ya ce. Ya ɗan yi tafiya. "Sai dai ni tsufa ya kama ni. In na kwana na mance shi fa?"

Ya jawo gangar gabansa, ya ɗora yatsu biyu a gefen fatar, ya shiga maimaita shi muna tafe. A hankali ƙwarai yake bugawa, don Labbo bai yi nisa ba, kuma mutumin ya gaji.